Rasuwar Alhaji Sauro, Gogen Turawa na Unguwar Gawo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Tasi'u Sama'ilu na Unguwar Gawo, gefen madatsar ruwa ta Watari, a madadin kaina da yatsun hannuna na hagu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar abokina kuma malamina Alhaji Sauro, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda 'yan boko ke kira bayolin. Ya rasu ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, a madafin mahaifiyata, bayan gajeriyar jinyar da ko ruwan koko ba ta bari ya tafasa ba. Allah ne Ya ba mu aronsa, Ya kuma karɓi abinSa.

Marigayin ya tafi a lokacin da aka fi bukatarsa. Wata makarantar kiɗa da ke Legas ta kira mu gwaji, ni da shi, ranar Asabar mai zuwa. Wanda ya ci za su ɗauke shi karatu kyauta, su ba shi ɗaki da abinci, su zaunar da shi cikin tawagar makaɗansu. Matasa kaɗai suke ɗauka, ni kuwa bana ce shekarar ƙarshe da takardar haihuwata za ta yarda ta kira ni matashi. Idan wannan ƙofa ta rufe na san abin da ke jirana, gonar shinkafa ce da fartanya. Ba na raina su, su suka raine ni. Sai dai ba su na roƙi Allah ba.

Ba mu san shekarun marigayin ba, ba mu kuma san garinsu ba. Abin da muka ji shi ne ya tsallako teku cikin kayan gwanjo, ya yi zaman kudu na wasu shekaru, sannan ya iso mana a goye a bayan wani ɗan bautar ƙasa da aka turo sakandaren yankinmu ya koyar da lissafi. Sunan wannan bawan Allah ya fi ƙarfin bakinmu, saboda haka Malam Kofa kowa yake ce masa, kamar yadda ake kiran 'yan bautar ƙasa. Ni ne ɗalibinsa da ya fi kowa rashin gane lissafi, ni ne kuma wanda in an tashi makaranta yake maƙalewa a tagar ɗakinsa yana sauraron gogen har ƙafa ta yi tsami. Da ya gaji da ganin kaina a taga sai ya ce in shigo. Ya koya mini riƙo, ya koya mini jan izga, wato bakan da ake goga tsirkiya da shi. Ranar da zai koma gida ya miƙo mini akwatin gogen, ya ce da 'yar Hausarsa, "Tasi'u, lissafi ya ƙi ka, kai ma ka ƙi shi. Riƙe wannan, wataƙila ku daidaita."

Marigayin kyakkyawa ne, ba don ya mutu nake faɗa ba. Jan katako ne mai sheƙi, da siririn ƙugu da dogon wuya, da kunnuwa huɗu waɗanda kullum sai an murɗa kafin ya yarda ya yi magana daidai. A cikinsa akwai tsagu biyu masu lanƙwasa, har Inna Kaltume, mahaifiyata, ta taɓa tambaya ko tsagen wane gari ne. Alhajin da ke gaban sunansa mutanen gari ne suka ba shi, don shi kaɗai ne a unguwarmu ya taɓa tsallake teku, ga kuma wani ɗan ƙarfe ruwan zinare a gindin tsirkiyarsa ta ƙarshe, wanda suka ce haƙorin Makka ne.

Sauron kuwa ni na jawo masa. A shekararmu ta farko tare ba shi da wata magana sai "ƙiiii" da safe, "nyiiii" da yamma. Mata suna daka suna marin kunnuwansu ba su sani ba. Mahaifina Malam Sama'ilu mutum ne marar yawan magana, bai hana ba, bai yi faɗa ba. Wata rana dai da rana tsaka ya kunna maganin sauro, ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya wuce masallaci. Washegari ya ce in da hali mu koma fadama, can akwai fili.

A fadama muka fara aiki a bainar jama'a. Lokacin shinkafa ta fara ƙosawa, tsuntsayen jan-baki sun addabi kowa, yara suna ta kaɗa gwangwani a banza. Muna ja ɗaya, "ƙiiii", tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka nufi Bichi. Nan da nan muka yi farin jini. Manoma suka riƙa layi, wannan ya ce gobe gonarsa, wancan ya ce shi ya riga, ana sallamarmu da tumatir da albasa, wani lokaci har da rake. Kaka biyu muka yi a wannan matsayi. A ta uku sai tsuntsayen suka daina tashi. Wasu ma suka riƙa sauka a kan kunya kusa da ƙafata suna karkata kai. Mai gonar ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "Tasi'u, abin nan naka ya lalace." Ya sallame mu a ranar. Na koma gida ina murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka, domin a ranar na gane mun fara iyawa.

Karatunmu ta waya muka yi shi. Malam Kofa bai manta da mu ba, yana turo bidiyo da takardun kiɗa, masu layi biyar-biyar kamar kunyoyin gona an watsa musu kashin awaki. Kowane ɗigo murya ce, kuma wasu Turawa da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana ne suka jera su. Sabis kuwa ba ya sauka a Unguwar Gawo, sai an hau kan gangaren madatsa an ɗaga waya sama. A can muke sauke darasi, a can nake ɗaukar abin da na koya in tura masa, shi kuma ya amso da gajeren saƙo, yawanci "sake". Sannu a hankali "ƙiiii" ta zama "riiii-raa-raa", har marigayin ya iya yin ƙasa da murya ya yi wani irin "huuum" mai sa mutum ya tuna wanda ya rasa.

Cikin halayensa na gari babu kamar haƙuri. Ya zauna da mu a shekarun nan da man fetur ya gagari injin ban-ruwa, taki ya zama abin kallo a kasuwa, gidaje da yawa suka koma kwaɗon rama da tafasa. Bai taɓa neman abin da ya fi ƙarfinmu ba. Da tsirkiyoyinsa na asali suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, na warware wayar birkin keke na ɗaura masa, ya karɓa. Wayar birki ba ta jure ja sosai, saboda haka muka sauko da muryarsa ƙasa kaɗan da ta sauran 'yan'uwansa na duniya. Wuyansa ma ya ɗan karkace saboda zafin bazara da danshin damuna. Na saba da shi a haka, yatsuna suka haddace karkatacciyar hanyarsa kamar yadda ƙafa ke haddace hanyar gona. Ban taɓa riƙe wani gogen Turawa ba sai shi.

Ya shiga birni sau da dama. Mun yi wasa a taron raba kyaututtuka na wata makarantar kuɗi, inda yara suka tafa tun kafin mu gama, don sun ga an fito da lemo. Mun yi a wata liyafar aure a Kano, inda mai gabatarwa ya ce ga mai jita nan daga ƙauye, janareto kuma ya yi ta gasa da mu har ya yi nasara. Wata Hajiya ce kaɗai ta ajiye cokali ta saurara, da muka gama ta ce, "Yaro, wannan kiɗa na biki ne ko na makoki?" Na ce, "Hajiya, mai shi bai faɗa ba." Daga waɗannan tafiye-tafiye muka samu tsirkiya ta gaske guda ɗaya, wadda muke tattali kamar ƙwai. Da ita muka ɗauki bidiyon da Malam Kofa ya kai wa makarantar Legas, su kuma suka ce mu zo su gan mu ido da ido.

Ba zai yiwu a ba da labarin jinyar marigayin ba sai an ambaci Kawu Ɗanliti, yayan Inna, wanda darni ɗaya ya raba gidansa da namu. A ƙuruciyarsa shi ne mai gogen da ake zuwa ɗauka da mota daga Dawakin Tofa har Gezawa, gogenmu na gida, na ƙwarya da fatar guza da tsirkiya ɗaya. Tun kafin a haife ni ya ce ya tuba, ya fasa ƙwaryarsa da hannunsa, ya koma noman albasa da sharar masallaci. Ba a zancen goge a gabansa. Ranar da na shigo da Alhaji Sauro gida, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ba fata, ba ƙwarya. To a ina muryar za ta zauna?" Bai jira amsa ba ya juya. Tun daga nan, in na ɗauki izga shi kuma sai ya ɗauki buta ya bar wurin.

Amma akwai abin mamaki a gidanmu. Izga ba ta kama tsirkiya sai an goga mata ƙaro, kuma duk lokacin da nawa ya ƙare sai in tarar da wani sabo a ƙunshe cikin ganye a kan dirkar darni. Da gashin izgar ya fara zubewa, sai ga damin tsagiyar wutsiyar doki a wurin, an wanke an taje. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta ga kowa ba. Na tambayi Kawu, ya ce shi mai albasa ne, me ya haɗa shi da doki. Na bar maganar a nan, na ci gaba da ɗauka.

Ciwon ajali ya fara ne da marka. Kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Marigayin ya sha danshi, muryarsa ta dushe, in na ja sai ya ce "hmmm" kamar mai mura. Ba sabon abu ba ne, kowace damuna haka yake yi, maganinsa a bar shi ya sha iska har rana ta fito. Ranar Litinin rana ta ɗan leƙo, sai na fito da shi daga akwati na kwantar a kan gadona, na hau madatsa neman sabis don in ji bayanin mota daga Malam Kofa.

Ashe Kawu ya kwana biyu yana jin muryar ta bayan darni, ya kuma san da maganar Legas, don babu wanda bai sani ba. Shi kuwa mai goge in fatar gogensa ta sha danshi ta saki, magani ɗaya ne tun kaka da kakanni: a kara ta a garwashi, ana juyawa, har ta ɗame murya ta dawo. Duk wanda ya tashi a gidan makaɗa ya ga ana yi wa goge da kalangu haka. Sai ga Kawu ya yi sallama ya shigo, mutumin da bai taɓa kai hannu kan marigayin ba. Ya ce, "Kaltume, ina abin yaron nan? Ba zai je gaban mutane da muryar mai mura ba." Inna ta ce, "Yana ɗaki, Yaya." Ita da ta sha ganin yayanta yana wannan aiki tun tana yarinya, da hannunta ta janyo masa garwashi daga ƙarƙashin tukunyar koko, har ta fifita masa.

Shaidu sun ce da farko marigayin ya yi shiru, yana ta sheƙi kamar yana jin daɗin ɗumin. Sai ya ce "tas". Kawu ya ce alamar lafiya ce, ya ƙara matsawa kusa. Sai ya ce "ƙaƙas". Wuyansa ya rabu da jikinsa, cikinsa ya tsage daga sama har ƙasa, jakinsa, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ya yi tsalle ya faɗa tukunyar koko.

Na dawo da fara'ata na tarar da Kawu a tsugune a bakin murhu, jiki a hannun dama, wuya a hannun hagu, wayoyi huɗu na lilo a tsakani. Inna ta juya baya tana ta motsa kokon da ba ya bukatar motsi. Kawu ya ɗago ya ce, "Tasi'u, na kashe maka shi." Na ce, "Haba Kawu, kwanansa ne ya ƙare." Bakina ne ya faɗi haka, don an yi masa tarbiyya. Zuciyata kuwa wani abu dabam take faɗa, irin wanda ba a faɗa wa kawu. Na karɓi gawar, na zaga bayan rumbu, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina ɗan firamare. Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru yana gudun abin nan, sai ranar da zai taɓa shi sau ɗaya tak ya raba ni da shi.

An yi iya ƙoƙari wajen neman magani. Mun garzaya da shi wurin Mati kafinta, wanda ya duba ya ce ƙaramin aiki ne, ya ɗauko guduma da ƙusar da ake kafa ƙyaure da ita, na rungume majinyacin na fito da gudu. Na hau madatsa na kira Malam Kofa. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Wuta, Tasi'u? Wuta ta gaske?" Shi ya bayyana mini cewa babu ƙusa ko ɗaya a jikin marigayin, da gam na fata aka haɗa shi, wanda danshi ke sassautawa zafi kuma ya narkar. Ya tura hoton ga wani mai gyara a Legas, wanda ya ce tsagar ta bi ta inda murya ke fita, ko an ɗinke ba zai ƙara magana ba.

Makarantar ta yi karamci, ta ce in zo haka nan, za a ara mini nasu ranar gwaji. Na gode musu. Amma nasu lafiyayye ne, wuyansa a miƙe, tsirkiyoyinsa a ɗame, ni kuwa yatsuna karkatacciyar hanya suka sani. Ga shi babu abin da zan riƙa gwadawa a kai kafin ranar, kuma yatsu in suka kwana biyu ba aiki sai su koma na manomi. Tsoro ya kama ni sosai. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Malam Kofa cewa na fasa.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanwarsa izga, wadda tun ranar take jingine a lungu ba ta ce wa kowa komai ba. Ya bar akwatinsa mai jan ƙyalle a ciki, da jakinsa da aka tsamo daga koko da rai, da rabin dunƙulen ƙaro. Ya bar wani baƙin tabo a ƙarƙashin haɓata, wanda 'yan mata ke zaton makero ne. Ya bar maƙwabta da dama, waɗanda suka zo ta'aziyya da fuskar jimami, ko da yake wasunsu sun yi ƙiba a 'yan kwanakin nan saboda samun barcin rana. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwa Hure mai ƙosai, ta kama hannuna ta ce, "Wallahi ɗan nan, da shi nake sanin la'asar ta yi. Jiya har mai ya ƙone ina jira." Ta'aziyyarta ce ta fi shiga raina.

Ya kuma bar Kawu Ɗanliti. Tun ranar Litinin bai fito zaure ba, ba a gan shi a gonar albasa ba, kwanon tuwonsa yana komawa yadda aka kai shi. Ni ma ban leƙa shi ba, ina fama da nawa. Sai ranar Laraba ya yi sallama a ƙofar ɗakina, riƙe da karan dawa. Kowa ya san aikin kara a gidan mutuwa, da shi ake auna mamaci a kai wa masu haƙa kabari. Na ce a raina, tsohon nan ya kashe, yanzu kuma ya zo binnewa. Na buɗe masa akwatin. Ya durƙusa ya haɗa wuya da jiki a hankali, ya auna tsawo, ya karya karan daidai. Ya auna faɗin wuyan da ɗan yatsa, ya auna tsakanin tsirkiya da tsirkiya da tsinke.

Ya ce, "Nasu na can, wuyan a karkace yake kamar wannan, ko a miƙe?"

Na ce, "A miƙe, Kawu."

Ya ce, "Nuna mini hotonsa a wayar taka."

Na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa, ya tashi da karansa ya fita. Yinin ranar da washegari ba abin da ake ji ta bayan darni sai sarar gizago.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya dawo da abu a naɗe cikin buhu. Ƙotar fartanya ce ta icen marke, ya sassaƙe ta ta koma wuyan goge miƙaƙƙe sak, da kunnuwa huɗu, da wurin ɗora haɓa, ya ɗora mata jakin marigayin, ya ja wayoyi huɗu sun ɗame. Ba ciki, ba ƙugu, ba kyan gani. Ya miƙo mini yana kallon gefe, ya ce, "Ba ta magana. Na tabbatar ba za ta yi magana ba, ka san ni na tuba. Amma yatsu za su samu hanya." Na ɗora ta a haɓa na ja izga. Gaskiyarsa, wanda ke bakin ƙofa ba zai ji komai ba. Ni kaɗai nake jin ta, wata 'yar siririyar murya da ke bi ta ƙashin haɓata ta shiga kai. Tun ranar nake kanta safe da yamma. Yatsuna suna ta ɓata hanya suna dawowa, jiya sun fi shekaranjiya. Ban sani ba ko za su isa kafin Asabar, amma maganar fasawa na bar ta.

Masu ta'aziyya da yawa sun tambaya ko marigayin ya bar wasiyya, ko mene ne kalaminsa na ƙarshe. A da nakan ce musu "ƙaƙas" ne. Jiya na ji ba haka ba ne. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Tana tsince tsakuwa a shinkafa, idonta a kan faifai, ta ce kamar da kaji take magana, "Kafin ya kai shi wuta sai da ya ja." Na ce, "Wa, Inna?" Ta ce, "Yaya mana. Ba a haɓa ya sa shi ba kamar yadda wani yake yi, a ƙirji ya dafe shi, ya kama tsirkiya ɗaya. Taken da ya yi mini ranar da aka kawo ni gidan nan, shi ya ja. Na ɗauka na manta shi." Ta ce bai daɗe ba ya tsaya, ya share ido ya ce hayaƙi ne, sannan ya ce, "Kin ji ko? Muryar ta sha ruwa. Janyo mini garwashi."

Saboda haka ina gyara sanarwa. Alhaji Sauro, wanda ya yi rayuwarsa yana faɗin maganar Turawa, da harshen garinmu ya yi bankwana, a hannun wanda ya fi ni iyawa, ni kuwa ina kan madatsa ina ɗaga waya sama. Na yi baƙin cikin rashin ji. Haushin da nake riƙe da shi kuma na neme shi na rasa. Kawu ba zai so a rubuta wannan ba, don haka wanda ya karanta ya riƙe a cikinsa.

Game da jana'iza, an jinkirta ta saɓanin al'ada, tun da katako ba ya gaggawa. Za a yi ta ranar Laraba mai zuwa bayan la'asar. Ba za a binne shi ba, don ba mu yi wa gara alkawarin walima ba. Inna ta ba da tsohon farin mayafinta, za a naɗe shi a ciki a mayar da shi akwatinsa. Daga ɗakina za a ɗauke shi, a fita ta zaurenmu, a zaga darni, a shiga gidan Kawu Ɗanliti, wanda ya roƙa a bar masa shi. Ya ce akwai wata ƙusa a bangon ɗakinsa, inda nasa yake rataye a da, bai taɓa cire ta ba. Ana roƙon masu rakiya su taho a natse, hanyar ba ta da tsawo. Za a raba gumba gwargwadon halin da ake ciki, wanda ya samu kaɗan ya yi haƙuri.

Zaman makoki a zauren Kawu za a yi shi, shi zai karɓi gaisuwa, kuma don Allah kada kowa ya ambaci wuta. Ni ba za a same ni ba. Ranar Alhamis da sassafe zan fita bakin titi da izga da ƙotar fartanya a buhu, in nemi motar Kano, daga can sai Legas. Kawu ya ce zai raka ni titi. Ya ce in na ci, in roƙe su su bar ni in zo da nasu gida ya gani, ba zai taɓa ba, hannunsa a baya zai tsaya. Na ce, "In ban ci ba fa, Kawu?" Ya ce, "Ka dawo. Ƙwarya ba ta ƙare a garin nan ba, guza ma yana nan a fadama."

Liman ya ce ba a yi wa katako salla, ba a kuma nema masa gafara, mun ji mun bi. Wanda ya taho da addu'a a bakinsa kada ya koma da ita gida. Ya raba ta biyu, rabi ga tsohon da zai kwana da gawar a ɗakinsa, rabi ga yatsun nan huɗu da za su hau hanyar da ba su taɓa bi ba ranar Asabar. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Sanarwa daga Tasi'u Sama'ilu, Unguwar Gawo, a madadin iyalan marigayin.